Gam ɗin da Usta Haruna ya ce sai ya kwana

Ana idar da sallar La'asar ranar Talata saƙon Ahmad, babban ɗansa, ya shigo wayata: Allah ya yi wa Usta Haruna rasuwa, za a sallace shi a Masallacin Annabi bayan Magariba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wata goma sha ɗaya ke nan rabona da shi, kuma ni na ƙaurace masa.

Marigayin jikan alhazai ne da suka zo daga ƙasar Hausa a ƙafa suka zauna a Madina. Sana'arsa gyaran ƙananan bindigogin masu wasan harbi, a wata warsha, wato shagon gyara, mai lasisi da ke jikin kulob ɗinmu na wasan harbi. Ba ya karɓar bindiga sai ya ga takardarta, ya kuma buɗe ta da hannunsa ko da ka rantse babu harsashi. "Na yarda da kai, ya waladi, ɗana," yakan ce, "ita ce ban yarda da ita ba."

An fi saninsa da ɗora gilashin saiti mai jan ɗigo, wanda inda ɗigon ya tsaya nan harsashi ke sauka. Zai share maiƙo daga ramukan sukurori, ya ɗiga shuɗin gam, ya ɗaure da sukudireba mai awo. Daga nan bindigar ta kwana a wurinsa har gam ya kama. Bai taɓa sassauta wa kowa wannan ba.

Ni na nemi ya sassauta mini. Na kai masa sabon gilashi da safen ranar gasa.

"Bukra," ya ce, wato sai gobe.

"Ammu," na ce, wato baffa, "gasar fa yau ce."

"To ka harba da saitin ƙarfe. Shekara shida bai yi maka ƙarya ba."

A gaban mutane na ce masa zamani ya wuce shi. Ya miƙo mini bindigar ta mariƙinta ya ce, "Halas, shi ke nan, taka ce."

Na ɗaure gilashin da kaina. Kafin rabin gasa sukuru ya saki, ɗigon ya soma yawo, na zo na ƙarshe. Usta Haruna yana cikin 'yan kallo. Na yi shekaru ina rubuta gyara a jaridar da nake aiki duk lokacin da muka yi kuskure, amma taku hamsin daga kulob zuwa warsharsa ya gagare ni. Sau biyu ya aiko a gaishe ni, ina cewa zan zo.

A zaman makoki, bayan mun dawo daga maƙabartar Baƙi'a, na ja Ahmad gefe na faɗa masa komai, na roƙi yafiya.

"Wallahi ma adri, ban sani ba," ya ce. "Duk wanda ya tambayi labarinka, Baba cewa yake aiki ya yi maka yawa. Ni ba ni ka yi wa ba, ya akhi, ɗan'uwana. Ka yi masa addu'a."

Ita kaɗai ta rage mini. Allah ya jiƙan Usta Haruna, ya yalwata kabarinsa, ya sa aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Hajiya matarsa da Ahmad da ƙannensa haƙurin rashi, ya raya abin da ya bari. Ya Allah, haƙƙin da yake da shi a kaina, ka biya shi da rahamarka, ni kuma ka yafe mini.