Onarabul Mai Motsa Baki

Shekara shida ɗan kawuna ya yi a majalisar jiha, ban taɓa jin muryarsa a rediyo ba. Na ji ta wakilan wasu garuruwa, har da wani mai gyaran murya kafin kowace kalma, amma namu shiru kake ji.

Abin ya fi damuna fiye da kowa, domin ni na tallata shi. Lokacin zaɓensa na farko gida-gida na bi matan ƙauyenmu, ina rantse musu cewa in ya hau za a yi mana gada a kan rafin da ke tsakaninmu da Gangara. Rafin nan da rani akuya ma ba ta jiƙa ƙafa a cikinsa, amma da damina sai ya raba mu da asibitin Sabon Birni kwana da kwanaki. Mata suka yarda da ni, suka dangwala masa. Tun daga nan ba na zuwa suna ko biki ba tare da wata ta tambaye ni, "Ina gadarki?" ba. Gadar ma tawa ta koma.

Shi ɗan wan mahaifiyata ne, wato taubasai muke, kuma taubashi ka faɗa masa abin da ka ga dama a gaban kowa, ba shi da ikon yin fushi. Ni kuwa tun muna yara ban bar wannan dama ta lalace ba. A firamare yana da i'ina, ni kuma Allah ya ba ni iya kwaikwayo. In ya ce "ma-ma-malam", sai in ɗauka in kai ta har bakin rijiya, yara na bina suna dariya. Daga baya ya samo dabara. In aji ya ɗauki karatu baki ɗaya, sai ya riƙa motsa baki ba sauti, yana gyaɗa kai, malam na ganin ya fi kowa ƙwazo.

Da ya girma ya yi arziki da fataucin shanu tsakanin garin Isa da kudu, ba wanda ya ƙara jin i'inar, har ni na ɗauka ta tafi. Babban mutum a wurinmu ba ya ɗaga murya. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, sanƙira ya ɗauka, ya ƙara gishiri, ya watsa wa jama'a. Haka ya yi yaƙin neman zaɓensa kaf, ana ta yabon daɗin bakinsa.

Wata rana 'yata ta nuna mini zaman majalisar a waya. Ashe can ba dangwale ake yi ba. Shugaba ya nemi waɗanda suka yarda, su amsa baki ɗaya, ya nemi waɗanda ba su yarda ba, su ma su amsa, sai ya buga guduma. Na hango mutumina a layi na uku, hula ta zauna daram. Na sa aka maimaita mini sau uku. Wallahi motsin bakin nan na firamare ne, har da gyaɗa kan, kuma duka biyun ya motsa wa.

Na adana abina sai da Sallah ta zo. Ya shigo gaida mahaifiyata, gwaggonsa ke nan, tsakar gida cike da mata. Na durƙusa har ƙasa kamar ta kirki.

"Ranka shi daɗe, Onarabul, mun gode. Shekara shidda kana yi muna taunar goro ga majalisa."

"Ke dai ba ki girma," in ji shi a hankali.

"Na gane ka ga waya. Anka ce wa ya yarda, kam motsa baki. Anka ce wa bai yarda ba, kam motsa baki. Shin wane kaz zaɓa muna? In sanƙira anka rasa can, ka tai da ni. Ni za ni hwaɗa musu gada muka so."

Mata suka kwashe da dariya, wata har da guɗa. Ya yi murmushin dole, ya buɗe baki zai rama, ya mayar ya rufe. Mahaifiyata ta mintsine ni a cinya, ban ko ji ba. Sati guda na yi ina ba da labarin nan, kullum ina ƙara masa tsawo.

Damina ta kusa faɗuwa 'yata ta sake kawo mini wayar. Ga shi tsaye a majalisa, takardar neman gadarmu a hannunsa, ba sanƙira a gefensa.

"Shu-shu-shugaba," ya fara.

Ashe ba inda i'inar ta je, ɓoye ta ya yi shekara arba'in. Da ya zo kan sunan Gangara sai ya maƙale, ga-ga-ga, jijiyar wuyansa ta miƙe. Wani a bayansa ya yi dariya, wani ya taya shi. Na san dariyar nan sarai, ni na fara ta a bakin rijiya. Kunya ta kama ni har na kasa kallon 'yata.

Bai zauna ba. Ya share zufa da hannun riga, ya sake ɗauko sunan daga farko, ya bi takardar nan kalma kalma har ƙarshe. Aka nemi waɗanda suka yarda, suka amsa, kuma a cikinsu na tsinci muryarsa, ta zo a makare bayan ta kowa. Aka buga guduma.

Har yanzu ginshiƙai biyu kawai aka kafa a rafin, amma mata sun daina ce mata gadata, gadar Onarabul suke cewa. A ranar da ya yi maganar dai, bayan la'asar, ya kira ni a waya.

"To-to-to..."

Tobashiya yake son cewa. Ga dama ta zo har hannuna, bakina ma ya riga ya shirya. Na danne shi, na jira, abin da ban taɓa yi masa ba tun muna yara.

"Tobashiya, kin ji ni?"

"Na ji ka, Yaya," na ce. "Duka na ji."