Yadda Na Koma Kujerar Baya

Likitan ido ne ya sa na koya wa matata moto, wato babur, amma ita ba ta san da haka ba. Ya sa na kafa haɓa a jikin wata na'ura ina danna maɓalli duk lokacin da na ga ɗigon haske, da muka gama ya cire tabarau ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya riga ya ci gefe-gefen ganina. Abin da ya tafi ba ya dawowa, in ji shi, maganin ɗigawa rage masa gudu kawai zai yi. Da na miƙe ya ga makulli a hannuna, ya tambaye ni da me na zo. Na ce da moto. Ya ce daga yau kada in sake hawa. Na ce to, na yi godiya, na fito na hau abina na koma gida.

Wanda bai zauna birnin Waga ba zai ce taurin kai ne. Akwai taurin kan, ba na musu, amma a garin nan mutumin da ba shi da moto gurgu ne ko da ƙafafunsa lafiya lau. Shagon atamfata yana wajen babbar kasuwa, gida yana abin da ya rage na Zongo, asibitin ido yana can wani gefe. 'Ya'yanmu duk sun watse, mace tana aure a Bobo, namiji yana neman abinci a Lome. Gidan daga ni sai matata, sai jikarmu 'yar shekara shida da uwarta ta ba mu don ta ɗebe mana kewa, ni nake kai ta lakwal, wato makaranta, kullum da safe. In na ajiye makullin nan, gidan gaba ɗaya ya tsaya.

Ni a Zongo aka haife ni. Ita kuwa daga Kano na auro ta, shekara ashirin da bakwai ke nan a lokacin, kuma ko keke ba ta taɓa hawa ba. A Waga mata da moto sai ka ce da shi aka haife su, za ka ga mace da goyo a baya, kwandon tumatir a gaba, tana waya, tana kuma wuce ka. Matata takan kalle su ta girgiza kai ta ce ita 'yar Kano ce, a bar ta a kujerar baya, nan Allah ya ajiye ta. Na ƙudura a raina sai ta iya kafin idon ya gama rufewa. Abin da na kasa shi ne faɗa mata dalili. Tsoro nake ji, kunya nake ji, kuma ban taɓa zama abin tausayi a gaban matar nan ba. Sai na ɗaure fuska na ce mata na gaji da zama direbanta.

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To, Malam. Ban san na yi maka nauyi ba."

Maganar ta soke ni, amma ban janye ba.

Ranar Lahadi da sassafe muke fita. Ta wajen Peuloghin akwai wani fili cikin wuraren da aka rushe da sunan gyaran gari, wanda har lokacin ba a gina komai a kai ba sai ciyawa da leda da karyayyun bulo. Gidan da muka fara zama yana cikin abin da aka kwashe a nan. Ranar farko, ina nuna mata birkin hannu da na ƙafa, ita kuma idonta yana kan wani tudun ƙasa.

"Malam, ba nan ne ɗakinmu ba? Ga inda bishiyar darbejiya take."

"Ke, ba ziyara muka zo ba. Dubi gabanki."

Ni ma na gane wurin. Ban so in tsaya a kansa ba ne.

Koyon ya yi wuya, kuma ni mugun malami ne. Moton ƙarami ne, irin wanda ake taka giya da ƙafa ba sai an kama komai da hannu ba, amma da ta ji ya motsa sai ta firgita ta ƙanƙame hannun dama, shi kuwa nan ne ake ba da wuta, sai ya zabura da ita. Ta riƙa kallon tayar gaba maimakon hanya. Ta damƙi birkin gaba a kan yashi, ta faɗi. Salansa ta ƙone ta a ƙwauri, tabon yana nan har yau, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro. Ina bin ta da gudu ina riƙe da ƙarfen baya, ina haki, ina faɗa. Na ce mata abubuwan da ban taɓa ce mata ba tun aurenmu. Na ce kanta ba ya ja. Na ce yaran firamare sun fi ta. Ba ta rama ba ko sau ɗaya, sai ta karkaɗe zani ta sake hawa.

Lahadi ta uku wata Bamosa mai sayar da ganye ta tsaya da motonta a bakin filin tana kallonmu. Can ta daka min tsawa da Mosanci, wai in tsayar da matar nan in ba so nake in kashe ta ba. Ta sauko ta kama gefen hijabin matata ta nuna min. Yana lilo dab da tayar baya, har ya ɗan sha baƙin man sarƙa. Ta ce ta taɓa ganin wadda taya ta naɗe wa mayafi ta fizgo ta ƙasa ta wuya. Ta nuna wa matata yadda za ta tattare hijabin ta zauna a kansa, ta sa wando a ƙarƙashin zani, ta bar silifa ta nemi takalmi mai rufe ƙafa. Shekara talatin ina hawan moto, ban taɓa tunanin wannan ba, don ban taɓa sa hijabi ba. Kuma gaskiyar da ban faɗa ba ita ce, ina tsaye dab da tayar nan, ban ga ƙyallen ba sam.

Na sayo mana kaske, hular kwanon nan, guda biyu. Nata bai shiga a kan ɗaurin ɗankwalinta ba, dole ta koma ɗaure kai a kwance kamar mai takaba. Labari kuwa ya riga ya kai majalisarmu ta ƙofar masallaci. Wani abokina, tsohon direban babbar mota ɗan Nijar, ya tare ni yana dariya.

"Alaji, an ce ka ɗauki apiranti, kana koya wa uwargida tuƙi. In ta samu permin tuƙi, kai za ka koma baya kana riƙe mata jaka?"

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Na dawo gida na shiga banɗaki na ɗiga maganina a ɓoye, na mayar da kwalbar cikin aljihun tsohuwar riga inda nake ajiye ta.

Duk wannan lokacin ban daina hawa ba. Kullum da safe in ɗora jikata a gabana, tana riƙe da madubi, in kai ta lakwal, in wuce shago. Na koyi juya kaina gaba ɗaya hagu da dama kamar kaza, ina bin hanyoyin da na haddace. Ganin nawa kuwa kullum ƙara tsukewa yake, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Abin da ke gabana tsaf nake ganinsa, abin da ke gefe kuwa babu shi a duniya. Kowane dare in ce gobe zan bari, kowace safiya in ce bari dai ta ƙara ƙwarewa.

Da ta fara iya zagaya filin ba faɗuwa, na hau bayanta muka fara shiga unguwa. Na kafa mata doka. Na ce ba na son ta yi tunani, abin da na faɗa shi za ta yi: in na ce birki, birki, in na ce wuce, ta wuce. Ta ce to. Haka muka yi makonni muna bin siz-metir, layukan ƙasan nan na cikin unguwa, ni ina ba da umarni daga baya kamar wani kwamanda, ita tana bi. Har na fara jin daɗin kaina.

Ranar da abin ya faru, mun fito ta Tiendpalogo za mu hau gudron, titin kwalta, karo na farko. Hantsi ne, rana ta fito sosai. Ta tsaya a bakin kwalta yadda na koya mata, ƙafa ɗaya a ƙasa. Na duba hagu, na duba dama, ko dai na ɗauka na duba. Na ce, "Wuce, babu kowa."

Ta ɗan saki moton ya gangara, sai ta taka birki da ƙarfi har kaskena ya ƙwale da nata.

"Na ce ki wuce!"

Ban rufe baki ba wani moto mai ƙafa uku, shaƙe da buhunan siminti, ya shuɗe ta gabanmu daga hagu. Iskarsa ta bugi fuskata. Direban ya waiwayo yana zagi, ya yi gaba. Da ta bi maganata, da a ƙarƙashinsa za a zaro mu.

Ta kashe moton. Ta ce in sauka, na sauka. Ta tura shi gefen hanya ta kafe, ta cire kaske. Sai na neme ta na rasa. Na juya kai ina lalube, ashe tana tsaye a hagu da ni, taku biyu kacal, tana kallon yadda nake nemanta.

"Malam, ba ka gan shi ba," ta ce. "Ni ma yanzu ba ka gan ni ba."

Na ce rana ce ta kashe min ido.

"Butar da kake tuntuɓe da ita kullum a tsakar gida, ita ma rana ce? Na ɗauka tsufa ne. Faɗa min gaskiya."

A bakin titin nan, mutane suna wucewa, na faɗa mata komai, da likitan, da na'urar, da kwalbar da ke aljihun tsohuwar riga. Ina magana ina jiran ta yi kuka, ko ta kama hannuna. Har na shirya yadda zan ce mata kada ta damu.

"Tun yaushe ya ce kada ka hau?"

"Wata biyar."

"Wata biyar." Ta maimaita a hankali. "Wata biyar kana ɗora yarinyar nan a gabanka kana ratsa gudron da ita. Ni ina tsaye a ƙofa ina ce muku a dawo lafiya."

Ta miƙo min kasken, ta ci gaba.

"Zagin da ka yi min a filin nan na yafe, na yafe ƙunar ƙafata. Da ka ce min ciwo ne, wallahi da rarrafe sai in koya. Amma 'yar mutane, Malam? Amanar da uwarta ta ba mu? Me za ka ce mata?"

Ta zare makullin ta ƙulle a bakin zaninta. Ba mu hau ba. Ita ta tura moton har gida, ni ina biye da ita da kaske a hannu, muka wuce ta gaban majalisa, babu wanda ya yi dariya a cikinsu.

Sauran koyon ba ni na yi mata ba. Ta nemo Bamosar nan a kasuwa, suka riƙa fita tare da yamma, kuma cikin sati uku ta koyi abin da na kasa koya mata da ihu: yadda ake shiga layin masu moto a gefen titi, yadda ake ba da sigina tun da nisa, yadda ake barin babbar mota ta wuce ko da hanyarka ce. Kafin nan, a ƙafa take kai yarinyar lakwal, ni kuma ina shiga taksi. Ta karɓi kwalbar maganin, ita take ɗiga min safe da dare, a kan lokaci, ba ta taɓa mantawa ba. Abinci bai canza ba, gaisuwa ba ta canza ba. Hira ce ta ƙare.

Ranar da ta fara ɗaukata zuwa shago, na gyara zama a baya, muka kai mahaɗa, bakina ya buɗe da kansa na ce ta rage wuta. Ta tsaya cak a gefen hanya, ba ta ko waiwayo ba.

"Ido biyu ne a kan moton nan, kuma nawa ne. In za ka zauna, ka zauna shiru."

Na yi shiru, kuma har yau shirun nake yi. Ta iya tuƙi, ta fi ni natsuwa nesa ba kusa ba, ba ta taɓa ko goge wani ba. Abin da na nema na samu, gida bai tsaya ba. Na kuma saba da zaman baya, har da gaisuwar da abokai suke min da wata murya mai laushi wadda na tsana.

Abin da ban saba da shi ba ɗaya ne. Kwanakin baya mun je asibitin ido mu uku, ta ajiye moto a parkin da ke tsallaken titi. Muna tsaye muna jiran motoci su ragu, jikata ta zura hannunta cikin nawa yadda ta saba tun tana ƙarama. Na riƙe shi, ɗan dumi-dumi. Ina ganin titin tsaf a gabana, kuma na san da zan iya tsallakar da ita.

"Sake shi," matata ta ce wa yarinyar. "Zagayo nan ki riƙe ni."

Yarinyar ta ɗaga kai ta dube ni. Ni na buɗe yatsuna na sake ta.