Mardiyya, Wadda Ta Ce A Yi Wa Al'amin Allura

Tun rana ba ta yi zafi ba Mardiyya ke zama bakin likitar unguwarmu, ɗan asibitinmu, zane shimfiɗe a cinya, mata na miƙo mata jarirai. Ba ta ba uwa kwalbar siro, maganin ruwa, ta ce je ki. Da hannunta take aunawa, ta ɗiga a gefen kunci kaɗan-kaɗan, sannan ta zaunar da uwar inuwa har ta ga maganin ya zauna a ciki. Shekara goma sha tara tana haka. Matan garin Safo masu zuwa bisa amalanke shaida ne.

Ni na sa aka ɗauke ta daga nan. Ni, Delu.

Jikana Al'amin na da kwana goma sha biyu ya ƙi nono, jiki zau, idanu sun yi ɗorawa. Ta duba ta ce, "Inna, allura za a yi mashi, yau."

Na ce, "Allura bisa ciwon shawara? Kashe mani shi za ki yi? Ba ni siron da kike ba 'ya'yan mutane."

"Inna, waɗancan sun yi ƙwari. Wannan hanjinsa bai ƙosa ba. Abin da aka zuba ta baki, wani ya dawo da tumbuɗi, wani ya bi zawo, wanda zai shiga jini ban san yawansa ba. Ciwon kuwa ba ya jira."

Na ce wadda ba ta taɓa goyo ba ba ta koya mani jariri. Gaban mutane na faɗa.

Na saɓa shi, na sayo siro a kasuwa. Ta biyo ni har gida da akwatinta, na hana ta shiga. Kwana uku ina ɗura mashi yana maidowa. Ran na huɗu aka kai shi makwanci.

Da manya suka zo bincike daga Maradi, na ce ita ta kore mu. Kunya ta hana ni gaskiya. Aka tura ta wani ƙauye can da mota ba ta zuwa da damina.

Mardiyya, mai sanyin hannu, ke ce kika zo gaisuwa, kika rungume uwar yaron tana kuka. Ke ce aka karanta maki ƙaryata, ba ki tona ni ba. Na gode, 'yar nan. Allah Ya biya ki, ki yafe ni in za ki iya. Masu farar riga, ku koyi haƙurinta. Kakanni 'yan uwana, in irinta ta ce allura, ku miƙa yaro.

Sau uku ina zuwa wurin majo, shugaban likitar, sai ya ce, "Hajiya, takarda ta riga ta wuce." To, ga wata. Sama'ila tela ya rubuta, na dangwala yatsa. Manyan Maradi, ku goge abin da na faɗa, ku maido mana ita. In sai an hukunta wani, ni ce. Ina nan Madarumfa, ban gudu ba.