Kindirmon da Inna ke aiko min

Assalamu alaikum. Masu turo saƙo kuna tambayar ina na shige, ga ni. Tun rasuwar maigidana ban sake rubuta komai a nan ba.

A ɗakin likita, a nan Dutse, na gane abin da ke damuna. Ya hana ni nono na ɗan lokaci, sannan ya sa na kurɓi kaɗan a gabansa, nas na tsaye da allura a hannu. Ban jima ba leɓena ya hau ƙaiƙayi, ƙirjina ya ɗaure, numfashina na fita da ƙara kamar usur. Da na dawo daidai na ce, "Likita, ni fa Bafulatana ce."

Ya ce, "Hanjinki ba ruwansa da wannan, Malama."

Abin ya faro ne ina cikin takaba. Abinci ba ya shiga. Kaina kullum yana sara, sai in aika kyamis a sayo min maganin ciwon kai in haɗiya, cikina babu komai. Abu ɗaya nake iya sha, fura da kindirmon da Inna, mahaifiyata, ke aiko min daga rugarmu ta wajen Buji.

Ni ce 'yar farin Inna. Wanda ya san al'adarmu ya san me wannan ke nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ma zama mu yi hira. Da ta zo ta'aziyya, a bakin ƙofa ta zauna tana kallon ƙasa, ta ce "Allah ya ji ƙansa," kamar da bango take. Amma da ta koma, sai ta ware jikar saniyar da aka ba ni ranar sunana, tana tatsarta a ƙwarya daban. Malam Idi direba, mijin ƙanwata Habi, shi ke kawowa har gidana a unguwar Limawa.

Wannan nonon shi ne duk maganar da ke tsakanina da uwata.

Da farko kumburin ciki ne da gudawa. Sai borin jini, jikina ya yi rudu-rudu. Sai tari. Masu zuwa gaisuwa suka ce damuwa ce, in yi haƙuri. Da labari ya kai ruga cewa na rame, sai Inna ta ƙara yawan nonon, har da man shanu. Ni kuma na ƙara sha.

Ranar da numfashi ya ƙi fita, Habi ce ta kai ni asibiti a adaidaita. Aka sa min abin iska a fuska. Na ji tsoro sosai, don 'yata Ummi nake ta gani a raina, babu uba babu uwa. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙirji, aka duba bahaya. Tunkiyar da marigayi ya bari a kuɗin asibitin nan ta tafi. Suka ce asma ce, suka ba ni abin shaƙa.

Wani likita ne ya tsaya ya tambayi abin da nake ci. Ya ce ƙwayoyin da na yi ta sha da yunwa suna iya raunana bangon hanji, ya zama kamar rariya, abin da bai kamata ya wuce ba ya wuce. Ya ce wannan ɓangaren har yanzu likitoci na bincike a kai, ba zai rantse min ba. Abin da ya tabbata shi ne jikina ya daina karɓar nonon saniya.

Na bari. Cikina ya lafa, fatata ta washe, ina hawa dutsen bayan gidanmu ba tare da na tsaya ba. Alhamdu lillahi.

Amma nonon bai daina zuwa ba. Habi ke sha.

Takan zauna a tabarmata ta dama fura, ta ɗaga ludayi ta ce, "Adda, ko in ɗan shaƙa miki ƙamshin?" Ina dariya, amma Allah ya sani raina ba ya so. Ina kallon maƙogwaronta yana motsi. Mijinta na waje yana mata hon. Wayarta ta yi ƙara, Inna ce, suna ta hira da dariya, ana kiranta da sunanta har da na wasa. Ita auta ce, an yarda mata. Tana da miji, tana da muryar Inna, yanzu kuma har ɗan abin da yake nawa ni kaɗai ya koma cikinta.

Rannan na ji Inna ta waya tana cewa, "Waccan tana sha kuwa?"

Habi ta dube ni. Na ɗaga mata kai. Ta ce, "Tana sha, Inna, har ta yi ƙiba."

Da ta kashe ta ce, "Ki bari in gaya mata mana. Tsohuwa tana ta wahalar tatsa."

Na ce, "Idan ta daina, me za ta aiko min?"

Habi ta ajiye ludayin. Ta ture ƙwaryar gefe, ba ta ƙarasa ba.

Na gode wa likitan da nas ɗin da suka tsaya a kaina, da maƙwabtana na Limawa da suka riƙe Ummi ina kwance. Na gode wa Habi, duk da kishin da nake yi da ita. Ba ta yi min komai ba sai alheri.

'Yan'uwa mata, musamman masu takaba, kada ku sha ƙwaya da yunwa. Idan ana cewa damuwa ce, ku je asibiti duk da haka, ku faɗa wa likita duk abin da kuke ci, har wanda kuka tashi da shi tun yarinta. Kada ku gwada abincin da kuke zargi ku kaɗai a gida. Mai asma kada ta rabu da abin shaƙarta.

Ku sa maigidana a addu'a.

Ni dai jiki ya yi sauƙi. Inna ce har yau ban gaya mata ba.