Atamfa Mai Hoton Madam

Tarihin matar shugaban ƙasa, yadda aka karanta shi a tele, ya fara daga gidan ilimi da tarbiyya, sai ya yi tsalle ya dira a jami'a. Ni malamar lakwal ce, wato makaranta, na san ɗalibin da ya tsallake shafi. Shekara bakwai ɗin da aka tsallake, a ɗakinmu aka yi su, a unguwar Maourey.

Ɗiyar ƙawar Innata ce. An kawo ta Yamai daga ƙauye da akwatin ƙarfe ɗaya don ta yi karatu. Tabarma ɗaya muke kwana. Inna na suyar masa a ƙofar gida, kuma kaskon farko nata ne, wai baƙuwa ba ta jira. Ni ke jira.

Da mijinta ya hau mulki, Inna ta ɗaura zanenta na salla ta tafi yi mata barka. Sau uku tana zuwa, sau uku sojan ƙofa na cewa Madam ta ce a bar saƙo. Inna ba ta da saƙo, gani kawai take son yi. Har a gadon asibiti tana tambayata, "Ta sani kuwa?" Ta sani, ni na rubuta wasiƙar. Ranar da muka yi wa Inna sadakar uku Madam na tele, tana jawabi a kan haƙƙin iyaye mata.

Bayan shekara biyu darakta ya tara mu, ya ce Madam za ta kawo ziyara lakwal ɗinmu a unguwar Bobiel. Aka raba wa kowace malama atamfa mai hoton fuskarta, babba kamar faifai, aka ce dole a ɗinka a sa.

Na kai wa telana, wani tsoho ɗan Damagaram. A aikinsu, irin wannan atamfa sai an yi shawarar inda hoton zai faɗa kafin almakashi ya taɓa ta.

"Malama, a ƙirji za mu sa ta, ko? Kowa haka ya ce."

"A'a, Baba. Baya."

"Tsakanin kafaɗu?"

"Ƙasa."

Ya sauke tabarau ya dube ni. "Inda ake zama?"

"Daidai tsakiya. Kada ta karkace, mace ce mai son tsari."

"Ni dai ban ji ba, ban gani ba," in ji shi, yana ta awo. Bai taɓa yi mini ɗinki mai kyau irin wannan ba.

Ranar ziyarar na sa ɗinkin, na yafa babban gyale har gwiwa. Madam ta makara awa biyu, aka yi jawabi awa ɗaya, duk ina zaune a bencin katako. Ban taɓa jin daɗin doguwar jira haka ba. Amma ba zaman na zo yi ba. So nake ta faɗi sunan Inna da bakinta, ko sau ɗaya, in koma gida da gyalena yadda na zo.

Aka jera mu gaisuwa. Da ta iso gabana hannunta ya tsaya. Ta gane ni, har tabon goshina ta kalla, wanda ita ta yi mini da murfin langa.

"Sannu da aiki, Malama," ta ce, da muryar tele. "Daga wace jiha?"

"Daga Maourey, ranki ya daɗe. Gidan mai masa."

"Allah sarki," ta ce, ta miƙa wa ta kusa da ni hannu.

Sai na zare gyalen, na ninke shi a natse, na ɗora a kafaɗa. Na juya mata baya, na ratsa filin lakwal zuwa ajina a hankali, kamar mai ciwon ƙafa. Dariyar ta fara daga 'yan aji shida. Na ji darakta yana kiran sunana, ban waiwaya ba.

Kafin wata ya ƙare takarda ta zo, an mayar da ni wata lakwal can bayan Saga, inda taksi ba ya kaiwa. A can na yi sauran shekaruna na aiki. Ba ta faɗi sunan Inna ba har suka sauka daga mulki, ni ma ban rubuta takardar neman afuwa ba.