Kazar Don Telo da Kwana Hamsin da Shida

Eleuterio Paulino, wanda duk San Pedro ke kira Don Telo, shekara talatin da ɗaya ya yi yana zuba wa ƙafafun jirgin ƙasan ɗaukar rake mai. Aikin ke nan kullum. Ya bi taragu ɗaya bayan ɗaya da gwangwaninsa, ya tsuguna, ya miƙe, har gwiwoyinsa suka koyi ƙara irin ta taragun. A aljihun rigarsa akwai 'yar rediyo da ba ta mutuwa, kuma daga ita ya kwaso abin da ya zame wa mutane jarabar duniya.

Ƙwallon sanda dai, wasan da ɗaya ke jefo ƙwallo ɗaya ya doke shi da sanda ya ruga zango-zango, a garin nan ko jariri ya san shi. Telo bai iya ba. Sau ɗaya aka sa shi a wasan ma'aikatan kamfanin sukari, ya kai duka, ƙwallo ya wuce abinsa, sandar ta kuɓuce ta sami alƙalin wasa a ƙauri. Daga ranar ba a sake kiransa ba. Sai ya koma haddace lambobin manyan 'yan wasan babbar gasar Amurka, ya haddace su kamar za a tambaye shi a kabari.

Ka gaishe shi da safe, zai gaya maka sau ɗari bakwai da sha huɗu Babe Ruth ya fitar da ƙwallo bayan katanga, Hank Aaron ya zo ya yi ɗari bakwai da hamsin da biyar. Ka ce kanka na ciwo, zai ce Cal Ripken ya buga wasa dubu biyu da ɗari shida da talatin da biyu a jere ba fashi, kai kana nan kana riƙe kai. Ranar da aka binne wani tsohon direban jirgi, Telo ya riƙe hannun matar mamacin ya ce ta yi haƙuri, shekara tamanin da shida ba wasa ba ne, daidai shekarun da ƙungiyar Boston ta yi tana jiran kofin gasar ke nan. Da ƙyar aka janye shi.

Abu ɗaya za a ce ya yi kyau a halinsa, ba ya ƙara ko ɗaya a kan lamba. 'Yan wasan da aka kama da allurar ƙarin ƙarfi kuwa, ko sunansu ba ya son ji. "Lambar da ba ta gaskiya ba shara ce," haka yake cewa, ya tofar da yawu.

Da ya ajiye aiki, sai ya tare a shagon Ruperto mai aski. Ruperto ne ya riƙe 'yar Telo a coci ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompai, kuma shi ya sa ba dama ya kore shi. Telo kan zo ƙarfe takwas, ya zauna a kujerar bakin ƙofa, duk wanda ya buɗe baki ya gyara masa magana. A gida kuwa rufi na yoyo, famfo na ɗiga, dangar baya ta kwanta. Matarsa Doña Casilda ce ke tara bokitai in an yi ruwa, ita ke ɗaure famfo da tsumma, ita ke soya abin sayarwa tun duku-duku.

Suna da wata kaza mai zane-zane, sunanta Pinta. Ta tsufa, ƙwai sai ta ga dama, aikinta tone barkonon Casilda. Wata Asabar Casilda ta same ta tsakiyar shukar, ta kamo ta da ƙafafu.

"Gobe farfesun sankoco," in ji ta. "Rogo akwai, ayaba akwai, nama ne babu. Ga shi kuma ya kawo kansa."

"Haba tsohuwa, kazar nan ta yi mana aiki."

"Da can. Kai ma da can ka yi aiki, kai ne ba ka shiga tukunya."

Telo ya ce jiya ta yi ƙwai, yau ma ta yi. Ya ce ɗan wasa in yana kan bugu a jere ba a cire shi, kowa ya san haka. Casilda ta gaji da surutun, ta saki kazar.

"To ji nan. Duk ranar da ta yi ƙwai, ta kwana. Ranar da ta yi fashi, ta shiga tukunya. Kada kuma ka zo min da labarin wani Bature."

Lahadi Pinta ta yi ƙwai. Litinin ta yi. Telo ya samo alli ya fara jan layi a bangon kicin. Da layukan suka kai goma, ya tsaya gabansu ya daɗe, sai ga wani tunani ya faɗo masa wanda mai hankali zai kore shi nan take. A shekarar 1941 Joe DiMaggio ya yi wasa hamsin da shida a jere, kowanne sai da ya yi bugun da ya kai shi zangon farko lafiya. Har yau ba wanda ya kamo shi. To me zai hana kaza?

Daga nan Telo ya daina zuwa shagon aski. Ya ce tunku na iya shigowa ya tsorata ta, ya gina mata akurki na katako da kwano, har da 'yar ƙofa ta baya da ake zura hannu. Ya ta da dangar saboda karen maƙwabta. Casilda ta zuba masa ido kwana biyu, sannan ta fara magana a hankali.

"Telo, na ga kamar ɗigar famfon nan na hana Pinta sakewa."

Ya gyara famfo.

"Telo, in ruwan rufin nan ya gangaro, akurkinta yake nufa."

Ya hau rufi, gwiwoyi na ƙara, ya canja kwano huɗu. Ya shafe kicin da farar ƙasa saboda an ce kaza na son haske, ya bar wajen layukansa kawai. Har kujerar Casilda mai lilo ya gyara, don wai ƙararta na shiga kunnen Pinta. Aikin da bai yi ba a shekara shida, ya yi shi a sati biyar, kuma aiki mai kyau, don hannunsa bai manta ba.

Kowace safiya ƙarfe takwas, bayan ya sha kofi, sai ya je ya buɗe akurki ya ɗauko ƙwai ya ja layi. Ranar talatin da biyar ya tsaya a bakin titi yana gaya wa masu wucewa Pinta ta kamo Luis Castillo, ɗan garin nan, wanda ya yi talatin da biyar a 2002. Ranar arba'in da huɗu ta kamo Pete Rose. Unguwa ta ɗauka. 'Yan acaba kan rage gudu su yi ihu, "Don Telo, nawa yau?" Wata tsohuwa ta kawo wa kazar dakakkiyar masara. Wani malamin makaranta ya ce a iya saninsa kaza ba ta yin haka, Telo ya ce masa a iya sanin mutane ma DiMaggio ba zai yi ba.

Aka sa ranar hamsin da shida za a buɗe akurki ƙarfe goma a gaban jama'a. Ruperto ya ce zai rufe shago ya zo. Casilda ta ce za ta dafa kofi, amma kowa ya zo da kofinsa.

Ranar, Telo ya kasa jiran takwas ma. Gari na wayewa ya lallaɓa ya leƙa. Pinta na gefe tana tsince gashinta. Wajen ƙwai wayam.

Ya tsuguna ya roƙe ta. Ya kira ta sarauniya. Ya gaya mata Juan Marichal ya taɓa yin zagaye goma sha shida yana jifa shi kaɗai bai ce ya gaji ba, ita ƙwai ɗaya tak ake nema. Kazar ta kalle shi da ido ɗaya, ta juya ta kalle shi da ɗayan, ta ci gaba da abin da take yi.

Ya tuna mutanen da za su cika gidan, ya tuna tukunyar Casilda. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana tofar da yawu in an ambaci masu maguɗi, ya shiga kicin da sanɗa, ya ɗauki ƙwai a kwando, ya ɗumama shi a hammatarsa, ya kai ya ajiye. Sannan ya shiga wanka, ya daɗe a ciki fiye da kullum.

Ƙarfe goma tsakar gida ta cika. Telo ya fito da farar riga mai guga, fuskarsa kamar wanda za a yi wa allura. Ruperto ya ɗaga hannu.

"A yi shiru! Kompai, buɗe mana. Amma don Allah ban da jawabi."

Telo ya buɗe. Ƙwai uku ne a ciki. Biyu farare, ɗaya ƙato mai ɗan kore-kore.

Wani ɗan acaba ya leƙa ya ce, "Kai! Wannan ai na agwagwa ne."

Tsohuwar mai masara ta yi alamar gicciye ta ce abin al'ajabi ya sauka a unguwa. Malamin makaranta ya cire tabarau ya goge ya mayar. Telo dai ya tsaya yana ƙirga abin da ba ya buƙatar ƙirgawa. Ɗaya ya san mai shi. Sauran biyun fa?

Casilda ta ajiye butar kofi ta juya wajen Ruperto.

"Kompai, ba na ce maka yau ni zan sa ƙwan ba?"

"Na ji tsoro kada hidima ta sa ki manta, Casilda. Kuma na kaza ya ƙare a gidana."

"Sai ka kawo na agwagwa? Kai da kake aske kan mutane, ba ka duba cikin naka?"

"Ta ƙofar baya na zura, ban leƙa ba. Ke kin leƙa?"

"Ban leƙa ba."

Telo ya dubi matarsa, ya dubi amininsa. Muryarsa ta fito 'yar siririya. "Tun yaushe?"

"Sha tara ta yi," in ji Casilda. "Ranar ashirin ta ajiye aiki. A ranar kana kan tsani da guduma a hannu, rufin nan rabi a buɗe. Ka ce in kashe ta? Ni ba mahaukaciya ba ce. Na kai ƙwai na sa. Ranar da nake zuwa cocin safe kompai ke karɓar aikin."

"Kai kuma me na yi maka?" Telo ya tambayi Ruperto.

"Kompai, wallahi ina son ka. Amma sati bakwai ke nan mutum na iya zama a shagona ya yi ƙarya a kan ƙwallo cikin kwanciyar hankali. Har waɗanda suka gudu sun dawo. Jiya wani ya ce Babe Ruth ɗan Kuba ne, ba wanda ya ce masa uffan. Ka san daɗin da muka ji?"

Jama'a suka kwashe da dariya. Malamin makaranta ne ya tsayar da ita.

"To, biyu sun sami masu su. Ashe dai na ukun nata ne. Ko banza yau ta yi ƙwai, ta tsira."

Duk aka juyo ana kallon Telo. In ya yi shiru, kazar ta kwana, shi ma ya fita da sauran mutuncinsa.

"Nawa ne," ya ce. "Daga kwandon kicin. A hammata na ɗumama shi."

Wanda ke riƙe da ƙwan ya yi maza ya ajiye. Ruperto ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Casilda kaɗai ce ba ta yi dariya ba, ta ce ashe shi ya sa ta ga kwandon ya ragu.

Telo bai jira an gaya masa hukunci ba. Ya jiƙa tsumma ya je bangon kicin ya goge layi talatin da shida da hannunsa, ya bar sha tara. Ya ɗauko wuƙa, ya kamo Pinta, ya kai ta bakin magudana. Sai ya tsaya. A rayuwarsa bai taɓa yanka ko tantabara ba. Ya juya wuƙar, ya juya kazar, ya gyara tsayuwa. Pinta ta miƙa wuya ta tsinci maɓallin rigarsa.

"Kawo nan kafin ka yanke yatsa," in ji Casilda. Ta karɓi wuƙar, amma ta bar masa kazar. "Ƙwai dai ta gama. Yanzu kai ne za ka yi. Duk ranar da ka gama aiki ɗaya a gidan nan, ta kwana. Ranar da ka yi fashi, ka san sauran. Ga allinka nan."

Telo ya karɓa da gaske. Ya gyara matakalar ƙofa, ya haƙa ramin shara, ya ɗinke ragar taga, ya sa wa keken ɗinki mai har ya daina kuka. Kwana goma sha ɗaya a jere, ba maguɗi, Casilda ce shaida. Ranar sha biyu ya fita sayen ƙusa, hanya ta bi da shi ta gaban shagon Ruperto, ya ji wani yana rantsuwa cewa Marichal bai kai nasara ɗari biyu ba. Ɗari biyu da arba'in da uku ne. Telo ya ce bari ya leƙa ya gyara wannan kawai, minti biyar.

Rana ta kusa faɗuwa ya iso gida, ba ƙusa a hannunsa. Tun daga bakin titi ya ji ƙamshin. Ya wanke hannu ya zauna, Casilda ta zuba masa ta sa masa cinya a sama. Naman da tauri. Ya ci kwano biyu.