Sunan da Na Aika Kaduna

Kun sha tambayata dalilin da ya sa har na yi ritaya ban yarda na saurari mata biyu a zama ɗaya ba. Ranar da ta jawo haka ba ta taɓa fita raina ba. Wata Litinin ce, ƙarshen kakar auduga, lokacin Funtua tana ƙarƙashin jihar Kaduna. Ina ƙaramar jami'a a sashen mata na ofishin jin daɗin jama'a. Aikina shi ne mace ta zo da abin da ya shige mata duhu, na sana'a ko na zaman gida, mu zauna mu nemi mafita. Ban daɗe da dawowa daga kwas ba, kaina ya kumbura, ina ganin babu zuciyar da ba zan iya karantawa ba.

A makon ne aka ba mu gurbi ɗaya tak na koyon aikin ungozoma a Malumfashi. Wata tara ake yi, in an gama a ba mace aiki a ɗakin shan magani na garinsu. Sharaɗin shi ne ta iya karatu da rubutu, kuma kada ta wuce shekara talatin. Shugabana, Malam Isiyaku, ya ce ran Juma'a suna zai tafi Kaduna.

Sai ga mata biyu daga Maska. Babbar sunanta Hajara, ƙaramar kuma Rakiya, 'yar ƙanen mahaifinta. Bayan gaisuwa Hajara ta ce, "Malama, wata ce take neman shawara. Mijinta ya rasu, ya bar mata yara biyu da injin niƙa. Ta gama ajin yaƙi da jahilci. Ranta na son aikin nan na ungozoma, amma tana tsoron a ce ta watsar da marayu."

Na dubi Rakiya, kanta a ƙasa, tana murza bakin gyale. Na ce a raina, labarin zuciya a tambayi fuska. Kun san mace mai kunya takan zo da mai yi mata magana. Nan take na juya kujerata na fuskanci Rakiya, na kama zuba. Na ce wata tara kamar gobe ne, inji yana lalacewa amma ilimi ba ya tsatsa, marayun ma su za su ci moriyar. Na yi kusan awa guda, ni kaina sai da maganata ta burge ni. Rakiya ta fara ɗago kai, idonta yana haske.

Da na ɗauko fom ne abubuwa suka fara ruɗa ni. Na ce, "Yara nawa?"

Rakiya ta ce, "Babu."

"Ba biyu aka ce ba?"

Ta dubi Hajara. Hajara ta ce, "Suna wurina, Malama."

Na ɗauka kara ce irin ta uwa da ta ba da riƙo. Na ce, "Injin fa?"

"Ni nake kula da shi," in ji Hajara.

Na ce, "Kai, Allah ya ba kowa yaya irinki!" Ba ta ce amin ba. Na ga wani abu bai zauna daidai ba, amma na rasa ko mene ne, ga shi Juma'a ta matso. Na rubuta sunan Rakiya, Malam Isiyaku ya sa hannu.

Bayan mako uku na je Maska duba ajin manya. Malamar ajin ta amsa gaisuwata a daƙile, sannan ta ce, "Me Hajara ta yi miki kika ƙi ta? Ita na tura. Tun tana budurwa take bin kakarta karɓar haihuwa. Rakiya rakiya kawai ta yi mata."

Na koma Funtua na shiga wurin shugabana ko zama ban yi ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure, a canza suna." Ya ce, "Wadda kika aika ba ta cika sharaɗi ba ne?" Na ce ta cika. "Ba ta so?" Na ce tana so. Ya ce, "To ina kuskuren? Bakin alƙalami ya bushe, Malama."

Na bi Rakiya har Malumfashi. Ta ce, "Wallahi na zaci Yaya ce ta fasa ta bar mini. Kuma tana zaune, ni ce zan ƙaryata babba a gaban baƙuwa? Da kika yi ta magana kuma, sai na ji ni ma ina so."

Hajara kuwa a ɗakin injin na same ta, gari ya yi mata fari har gira. Ta kashe injin, ta shimfiɗa mini tabarma. Na ce, "Baiwar Allah, me ya hana ki ce ke ce?"

Ta ce, "Na ɗauka kin gane, kin auna mu kin zaɓi yarinya. Ku ne masu ilimin abin." Sannan ta ce, "Kuma kin juya kujerarki, Malama. Da ƙeyarki zan yi magana?"

Na yi mata alkawarin gurbin baɗi. Da baɗin ta zo, shekarunta sun haura talatin.

Rakiya ta zama ungozomar da ake ji da ita, mata da yawa sun tsira a hannunta. Shi ya sa har yau na kasa yanke wa kaina hukunci: in na ce na yi ɓarna, ga Rakiya, in na ce na yi daidai, ga Hajara. Abin da na sani kawai, matanmu ba sa buɗe baki su ce "ni nake so". In mace ta ce muku "wata ce", ku sallami 'yar rakiya, ku tura ƙofa, ku tambaye ta a hankali. Ni ban tambaya ba, kuma Hajara niƙa ta yi ta yi har ƙarfinta ya ƙare.